Abin da Ya Tashi

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli a Sinnar,
ina gaya wa yara: babu abin da ke ɓata,
riga kawai yake sauyawa.
Ku auna itace, ku auna toka,
ku kamo hayaƙin ku ɗora a ma'auni,
lissafi zai cika.
Suka rubuta. Ni ma na yarda,
irin yardar da ake yi wa karen da bai taɓa cizo ba.

Yanzu an garƙame makaranta.
Ina rumfar Mahjub a kasuwar Abidiyya,
gabana ma'auni, gefena wuta da cokalin ƙarfe.
Injinan niƙa dutse ba su san Juma'a ba.
Ɗantani, yaron Mai Wurno, yana cikin kwatami har cinya,
yana dama laka da hannu kamar mai dama fura,
ya zuba zaiba, ta watse, ta bi ta tsinto nata,
ya tace a tsumma, ya matse,
ya kawo mini ƙwallo fari-fari, bai kai gujiya ba.
Ni nake ƙonawa.
Zaiba ta tashi, zinariya ta zauna.

Mutanen da, masu ɗakunan hayaƙi,
sun ce kowane ƙarfe ɗa ne ga zaiba da farar wuta:
dalma ɗanya ce, zinariya ce ta nuna,
sai a taya ƙasa girki, a gaggauta abin da take yi a hankali.
Gemunsu ya yi fari a bakin murhu.
Ba su samu ba.
Abin da suka bari: tukunya mai dogon wuya,
da sunaye, da ɗabi'ar rubuta abin da ido ya gani
ko da ya kunyata mai idon.
Na sha sa aji dariya a kansu.
Ga ni yau, zaiba nake sawa a wuta, zinariya na fita,
mafarkinsu nake ci da rana tsaka
ana biyana ladan awo.

Kakata Tabawa da harshe take gwada ruwan toka
kafin ta haɗa sabulu.
Ranar da na ce mata a littafi sunansa alkali,
ta ce, ashe alƙali ne,
shi ya sa datti ba ya kwana a gabansa.
Ita ta san inda ruwan wankinta ke zuwa:
gindin lemun tsami, bayan ɗaki.

Jiya Ɗantani ya ɗauki kofin shayi,
kofin yana ta buga haƙoransa.
Shekararsa goma sha tara.
Ya ce, Malam, wadda ke tashi ɗin nan, ina take zuwa?
Na dubi littafin Mahjub:
layin nauyi, layin kuɗi, layin bashi.
Babu layin abin da ya tashi.
Amma ni na koyar, da bakina, babu abin da ke ɓata.
Tana cikin yatsunsa. Tana dasashina.
Tana cikin kifin Nilu da za a soya a Barbar gobe.

Da dare na samo guntayen famfon ruwa,
na lanƙwasa ɗaya, na tsoma bakinsa a gwangwani,
kamar zanen tukunyar nan da muka yi wa dariya.
Na hura wuta. Na jira.
Sai ga ta tana ɗigowa, ɗaya bayan ɗaya,
kamar awakin da suka tuna hanyar gida.

Mahjub ya yarda, ba don huhun kowa ba,
don zaiba ta yi tsada.
Ban yi gardama ba.
Cikin goma, tara suka dawo.
Na ja sabon layi a gefen shafi da jan biro,
na rubuta ɗaya,
ina kallon hannuna ko zai tsaya cik.